Makbes Da 'Ya'yan Wiliyam: Su Wa Ne 'Yan Tawayen Sukotilan?

Duk ɗalibin da ya karanta wasan kwaikwayon Makbes na Shekspiya a makarantar sakandare, ya tashi da sanin cewa wai an yi wani sarki dattijo mai adalci a ƙasar Sukotilan, sunansa Dankan, wanda wani bardensa mai kwaɗayin mulki ya yi wa yankan rago da tsakad dare yana baƙo a gidansa, ya haye gadon da bai kamace shi ba, har ɗan marigayin ya dawo ya ƙwato hakkinsa. A matsayin wasa, babu mai kushe shi. Amma a matsayin tarihi, ban da sunayen mutane, kaɗan ne abin da ya tsaya daidai a cikinsa. Dankan bai tsufa ba sa'ad da ya mutu, kuma a fagen fama ya faɗi, cikin ƙasar Makbes ɗin da ya kai wa yaƙi, ran 14 ga watan Agusta 1040. Makbes kuwa shekara 17 ya yi yana sarauta. Shekspiya ya rubuta wasansa wajen 1606, zamanin Sarki Jemis, wanda ya fito daga tsatson Dankan, wanda kuma ƙungiyar 'yan wasan Shekspiya ke ƙarƙashin inuwarsa. Ba a sa ran marubucin da ke cin abinci a gidan jika ya yi wa makashin kaka adalci.

Batun ya wuce gyaran sunan mutum ɗaya. Littattafan tarihi da yawa, in sun zo kan shekarun da ke tsakanin 1040 da 1230, sai su jera mutanen arewacin Sukotilan ɗaya bayan ɗaya, su ce wannan ya yi tawaye, wancan ma ya yi tawaye, sai ka ce wasu masu taurin kai ne da ba su iya zaman lafiya ba. Alhali kuwa mafi yawansu 'ya'yan sarauta ne masu hakki bisa al'adar da ƙasar ta gada. Abin da ya mai da su 'yan tawaye shi ne, ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunan gidan sarauta ya hau, ya sake ƙa'idar gado don amfanin 'ya'yansa ba tare da yardar saura ba, sa'an nan malaman da ke tare da shi suka rubuta labarin.

Mutanen da ake magana a kansu su ne Gelawa, watau masu harshen Gelik, mazauna tsibirin Ailan da yawancin Sukotilan a wancan zamani. Harshensu ɗaya ne, al'adun sarautarsu kuma tushe ɗaya gare su. A wurinsu sarauta dukiyar dangi ce. Tsofaffin littattafan shari'ar Ailan suna da kalmar derbfine, wadda ke nufin mutum da 'ya'yansa maza da jikokinsa da tattaɓa-kunnensa. Duk wanda ubansa, ko kakansa, ko uban kakansa ya taɓa riƙe sarauta, yana da bakin neman ta, muddin balagagge ne, ba shi da naƙasa a jiki, yana kuma da jama'a da shanun da zai riƙe su da su. Wani lokaci akan fid da mai jiran gado tun sarki yana da rai, a kira shi tanaise, kuma sau da yawa ƙanen sarki ne ko ɗan wansa. Kalmar ba ta mutu ba, don da ita ake kiran mataimakin Firayim Minista a Jamhuriyar Ailan.

Daga wannan al'ada ne karɓa-karɓa ta samo asali. A Ailan, sarautar Tara, wadda ta fi kowace daraja, ta riƙa juyawa tsakanin reshen arewa da reshen kudu na zuriyar Niyal tun daga 734 har 1002, lokacin da Brian Boru, mutumin Munster wanda ba ɗan gidan ba ne, ya karɓe ta da ƙarfi. A Sukotilan kuwa, bayan mutuwar Kenet ɗan Alpin cikin 858, zuriyar 'ya'yansa biyu, Konstantin da Aed, su suka riƙa miƙa wa juna sarauta cikin ƙarni na 10. Wani abin lura da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, daga 858 har zuwa 1214 ba a taɓa samun sarkin Sukotilan da ya mutu ɗansa na cikinsa ya gaje shi nan take ba. Fiye da shekara 350 ke nan. Saboda haka wanda ya ɗauki ma'aunin "ɗan fari shi ne magaji" ya auna mutanen wancan zamani da shi, ya ɗauko mudun wata kasuwa ne ya shigo da shi wata.

Kada a ce ana yabon tsarin ne ido rufe. Ya ci rayuka ba kaɗan ba. Sarakuna bakwai da suka yi mulki tsakanin 943 da 1005, kusan dukansu kashe su aka yi, waɗansu ma a hannun danginsu. Sharaɗin nan na rashin naƙasa kuwa ya haifi wata mummunar ɗabi'a ta ƙwaƙule wa abokin takara idanu, don makaho ba ya sarauta, wanda ya yi aikin kuma ya kuɓuta daga zunubin kashe ɗan'uwa. A Ailan, Diarmait Mac Murchada na Leinster ya kashe waɗansu ya makantar da waɗansu, manyan ƙasarsa mutum 17, cikin 1141. Amma duk da wannan, tsarin yana da abu biyu da ake bukata a ƙasar da 'yan Bikin ke kawo wa hari ta teku, Ingilishi kuma ta tudu: ba ya ɗora yaro a kan gado, kuma gidan da ya rasa yau yana da dalilin haƙuri, don yana sa ran gobe tasa ce.

Wanda ya fara tsage bangon shi ne Malkom na Biyu. Ya kashe ɗan'uwansa Kenet na Uku cikin 1005 ya hau, ya yi shekara 29 a kan gado, ba a san shi da ɗa namiji da ya rayu ba. Maimakon sarauta ta koma ɗaya reshen yadda aka saba, sai ya share wa jikansa Dankan hanya, ɗan 'yarsa Bethoc, wanda ubansa Crinan shugaban gidan ibada ne na Dunkeld. Marubutan Ailan sun rubuta cewa cikin 1033, shekara guda kafin mutuwarsa, Malkom ya kashe wani namiji daga gidan Boite, gidan da ke da hakki a sarautar. To, Gruoch matar Makbes, wadda Shekspiya ya mai da ita shaiɗaniya, 'yar Boite ce. Makbes kansa ɗan Findlaech ne mai mulkin Moray a arewa, gidan da ya ƙasaita har wani littafin tarihin Ailan ya kira Findlaech sarki sa'ad da yake ba da labarin kashe shi cikin 1020. Idan ɗan mace ya iya hawa, to, mijin 'yar sarauta wanda shi ma ke da ƙasa da rundunarsa ba zai ga abin da zai hana shi ba. Dankan kuwa bai yi abin da zai sa a ji tsoronsa ba: ya kai wa birnin Durham hari a arewacin Ingila aka fatattake shi, ya juya kan Moray, can ya bar ransa.

Yadda Makbes ya zauna a kan gadon ya isa shaida. Uban Dankan ya tashi cikin 1045 aka kashe shi a yaƙi. Cikin 1050 Makbes ya tafi ziyarar ibada birnin Rum, aka rubuta cewa ya yi ta rabon kuɗi ga matalauta a can. Sarkin da jama'arsa ke ganin ɗan ƙwace ne ba ya barin ƙasarsa wata da watanni ya dawo ya tarar da gadonsa yadda ya bar shi. Rundunar da ta girgiza shi cikin 1054 daga Ingila ta zo, ƙarƙashin Siward mai mulkin Northumbria. Sa'ad da Malkom ɗan Dankan ya kashe shi a Lumphanan cikin 1057 ma, manyan ƙasa ba su naɗa Malkom ba, sai suka naɗa Lulach, agolan Makbes, ɗan Gruoch. Sai da Malkom ya kashe wannan kuma cikin watan Maris 1058 sa'an nan ya samu sarauta. Wannan ɓangaren babu shi a cikin wasan.

Malkom na Uku ya yi shekara 35 yana mulki, kuma a cikin gidansa aka shuka fitinar da ta kai shekara ɗari da talatin ba ta mutu ba. Fitinar 'yan ubanci ce. Uwargidansa Ingibiorg, daga manyan gidajen mutanen Norwe masu alaƙa da tsibiran Orkney, ta haifa masa Dankan. Wajen 1070 ya auri Magaret, 'yar tsohon gidan sarautar Ingila da Normawa suka kora cikin 1066, ta haifa masa maza shida: Edwad, Edmund, Ethelred, Edgar, Alekzanda da Dauda. Mai karatu ya duba sunayen nan, babu na Gelawa ko ɗaya, huɗun farko sunayen kakannin uwarsu ne sarakunan Ingila. Dankan ɗan uwargida kuwa, shi aka miƙa wa Sarki Wiliyam na Ingila jingina cikin 1072, can ya girma a cikin Normawa.

Da aka kashe Malkom tare da ɗansa Edwad kusa da Alnwick cikin watan Nuwamba 1093, Magaret kuma ta rasu bayan kwana uku, sai manyan ƙasa suka bi al'ada suka naɗa ƙanen marigayi, Donal Ban. Shi kuwa ya kori Ingilishin da suka cika fada. Ana yawan rubuta Donal a matsayin ɗan ƙwace, amma babu wata doka ta Sukotilan ta 1093 da ya taka. Dankan ya zo da mayaƙan da Sarkin Ingila ya ba shi cikin 1094 ya ture baffansa, jama'a suka tashi suka karkashe baƙin da ya zo da su, suka bar shi bisa sharaɗin ba zai ƙara shigo da wasu ba, kafin shekarar ta fita aka kashe shi, Donal ya dawo. Cikin 1097 sai ga Edgar ɗan Magaret da wata rundunar daga Ingila. Aka kama Donal daga baya, aka makantar da shi, ya ƙare kwanakinsa a tsare. Watau ɗakin da ake yabo da kawo wayewa, da ya samu dama, wuƙar nan ta tsohuwar al'ada ya zaro.

Abin da ya fito fili a shekarun nan huɗu shi ne, sau biyu ana hawa gadon Sukotilan da takobin aro. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gelawan Ailan ma sun ɗanɗana wannan: Diarmait ɗin nan mai ƙwaƙule idanu, da abokan gabarsa suka kore shi cikin 1166, wurin Sarki Henri na Biyu na Ingila ya kai kuka, Normawa suka sauka Ailan cikin 1169, Henri da kansa ya biyo su cikin 1171, kuma sarakunan Ingila ba su cire hannu daga yawancin tsibirin ba sai ƙarni na 20. Laifin kiran baƙo bai tsaya kan ɓangare ɗaya ba. Amma a Sukotilan, masu kiran baƙon su ne aka rubuta a matsayin sarakunan gaskiya.

'Ya'yan Magaret uku suka yi sarauta bi da bi, wa ya mutu ƙane ya hau: Edgar har 1107, Alekzanda har 1124, sai Dauda har 1153. Ashe dai gadon ƙane halal ne in a ɗakinsu ya faɗo. Dauda ya tashi a fadar Ingila, ya zo da barade Normawa ya yanka musu ƙasa, a cikinsu har da kakannin gidan Burus da gidan Stewart. Shi ya fara buga wa Sukotilan kuɗinta, ya kafa garuruwan kasuwa, ya gina gidajen ibada, ya naɗa wakilan sarki a larduna. Babu mai hankalin da zai ce bai yi aiki ba. Sai dai hawansa bai tafi sumul ba. Malkom ɗan wansa Alekzanda ya ja da shi. Cikin 1130, Dauda yana Ingila, Angus na Moray, jikan Lulach ta wajen uwa, ya haɗa kai da wannan Malkom suka nufo kudu, aka tare su a Stracathro. Littafin tarihin Ulster ya ce mutanen Moray 4,000 suka faɗi tare da Angus, na ɓangaren sarki kuma 1,000. Dauda ya karɓe Moray ya mai da ita ƙasar sarki, ya zaunar da baƙi a cikinta, ya kafa gidan ibada a Kinloss cikin 1150. Malkom kuwa aka kama shi cikin 1134 aka kulle a Roxburgh.

Cikin 1152 ne aka sake ƙa'ida a fili. Henri, ɗan Dauda tilo, ya rasu. Dauda ya sa aka ɗauki jikansa Malkom, yaro ɗan shekara 11, aka zagaya da shi larduna tare da mai mulkin Fife da runduna, ana nuna wa jama'a cewa ga magaji. Shekara ta kewayo Dauda ya mutu, yaron ya hau yana da shekara 12. Ba a taɓa ganin haka ba a ƙasar. Nan take Somerled mai mulkin Argyll ya tashi tare da 'ya'yan Malkom ɗin da ke kulle. Ba a tara gidajen sarauta an ce musu ga sabon tsari, ga abin da za a ba ku a madadin hakkinku ba. Runduna aka nuna musu.

A nan ne labarin 'ya'yan Wiliyam ya shigo, kuma shi ne ya fi kowanne tona asirin kalmar tawaye. Dankan na Biyu, ɗan uwargidan nan da aka kashe cikin 1094, ya bar ɗa, Wiliyam. Wannan Wiliyam bai ja da baffansa Dauda ba, ya bi shi sau da ƙafa, har ya ja masa runduna ya ci nasara a Clitheroe cikin 1138. Amma zuriyarsa, waɗanda ake kira Mac Uilleim, watau 'ya'yan Wiliyam, ba su manta da asalinsu ba. In an bi tsohuwar al'ada, jikokin sarki ne, suna cikin masu hakki. In kuma an bi sabuwar ƙa'idar ɗan fari, kakansu Dankan shi ne babban ɗan Malkom na Uku, ya girmi duk 'ya'yan Magaret. Ta kowace ƙofa aka shiga, ana tarar da su a zaune. Ba mamaki da wani marubucin Ingila na ƙarni na 12 ya kira Dankan ɗan da ba na aure ba, don in ba a ɓata uwargida ba, hujjar ɗakin amarya ba ta tsayuwa.

Cikin 1179 Sarki Wiliyam, ƙanen Malkom na Huɗu wanda ya gaje shi cikin 1165, ya tafi Ross da runduna ya gina kagara biyu. Cikin 1181 Donal ɗan Wiliyam ya bayyana da mayaƙa yana neman sarauta, ya riƙe arewa shekara da shekaru, har 1187 da aka kashe shi a Mam Garvia aka kai wa sarki kansa a Inverness. Ɗansa Gofraid ya ƙetaro daga Ailan cikin 1211, abin ya yi tsanani har Sarki Wiliyam ya nemi taimakon Sarki Jon na Ingila, aka aiko masa da sojan haya, aka kama Gofraid aka sare kansa cikin 1212. Wiliyam ya riga ya sa manyan ƙasa sun yi wa ɗansa Alekzanda rantsuwa tun 1201, yaron yana da shekara 3. Da Alekzanda na Biyu ya hau cikin 1214, karo na farko ke nan da ɗa ya gaji ubansa kai tsaye, sai wani Donal Ban daga 'ya'yan Wiliyam ya tashi cikin 1215 tare da Kenet na gidan MacHeth. Aka kashe su, aka kai wa sabon sarki kawunansu. Cikin 1228 wani kuma, Gillescop, ya tashi ya ƙona wani sashe na Inverness. Kusan shekara 50 ana abu ɗaya. Mutumin da ba shi da hujja ba ya samun mabiya tsara uku a jere, a ƙasar da kowa ya san asalin kowa.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kauce masa, na ɗaukar rikicin a matsayin faɗan Gelawa da Normawa kurum. Wanda ya kashe Donal cikin 1187 shi ne Lochlann mai mulkin Galloway, Bagele ne. Wanda ya murƙushe tashin 1215 shi ne Ferchar mac in tSagairt, watau Ferchar ɗan limami, Bagelen Ross, aka saka masa da sarautar barde, daga baya aka ba shi Ross ɗin ɗungum. Masu mulkin Fife, waɗanda ke da hakkin ɗora sabon sarki a kan dutsen naɗi a Scone, Gelawa ne, kuma tare da gidan Dauda suke. Kowa ya duba inda tuwonsa yake. Gidan Dauda ma bai yar da asalinsa ba: ranar naɗin Alekzanda na Uku cikin 1249, yana ɗan shekara 7, wani masanin asali ya durƙusa gabansa ya karanto sunayen kakanninsa da harshen Gelik. Suna son darajar tsatson, abokan tarayya a cikinsa ne ba su so.

Yadda aka rufe babin 'ya'yan Wiliyam yana cikin littafin tarihin Lanercost, wanda malaman Kirista na arewacin Ingila suka rubuta. Cikin 1230, bayan an gama da mazan gidan, aka samu jaririya mace, ba ta daɗe da haihuwa ba. Aka kai ta kasuwar garin Forfar, mai shela ya yi shela, aka buga kanta a jikin ginshiƙin gicciyen da ke tsakiyar kasuwa a gaban jama'a har ta mutu. Ba wasu 'yan iska suka yi wannan a ɓoye ba, hukuma ce ta yi shi da rana tsaka. Tambayar da ta dace ita ce, mene ne abin tsoro a jikin jaririya? Amsar tana cikin tarihin gidan sarkin kansa. Dankan na Ɗaya ta wajen uwa ya samu sarauta, Angus na Moray ta wajen uwa ya neme ta. Sun san yarinyar nan in ta girma ta haifi ɗa, za a samu masu binsa. Gwamnati ba ta kashe 'yar ɗan fashi don tsoron abin da za ta haifa. Kisan Forfar shi ne shaidar da gidan Dauda ya bayar da hannunsa cewa hakkin mutanen nan na gaske ne.

Masu kare gidan Dauda suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa duk abin da aka yi, ga sakamako: daga 1230 zuwa 1286 Sukotilan ta samu zaman lafiyar da ba ta saba gani ba, ta ƙara faɗi, ta karɓi tsibiran yamma daga hannun Norwe da yarjejeniyar Perth cikin 1266, alhali Ailan, inda aka ci gaba da tsohon tsari, ba ta taɓa haɗuwa ƙarƙashin sarki ɗaya mai ɗorewa ba. Ƙa'idar ɗan fari tana da wata fa'ida da ba a musunta: kowa ya san magaji tun kafin a yi makoki, babu abin yin gardama. Wannan gaskiya ne. Amma abin da hujjar ta tabbatar shi ne amfanin samun ƙa'ida ɗaya sananniya. Ba ta tabbatar da cewa waɗanda aka rufe wa ƙofa masu laifi ba ne, ba ta kuma wanke hanyar da aka bi ba. Ma'aikacin da ya san aikin ofis ya san bambancin da ke tsakanin doka mai kyau da dokar da shugaba ya tsara yana kan kujera don ta dace da ɗansa. Ta yiwu su zama abu ɗaya a takarda, amma ba ɗaya suke ba a idon wanda aka cire.

Sa'an nan kuma itacen da aka sassare wa rassa don kututture ya yi ƙarfi, ranar da kututturen ya karye ba a samun abin kamawa. 'Ya'yan Alekzanda na Uku guda uku suka mutu a gabansa, cikin 1281 da 1283 da 1284. Ran 19 ga watan Maris 1286 ya hau doki da dare cikin hadari zai tafi wurin amaryarsa, aka tsinci gawarsa kusa da Kinghorn. Abin da ya rage na gidan duka sai jikarsa Magaret, 'yar Sarkin Norwe, 'yar shekara 3. Aka naɗa masu riƙo, aka jira, yarinyar ta rasu a Orkney cikin 1290 tana hanyar zuwa ƙasar da ba ta taɓa gani ba. Mutum 13 suka fito neman sarauta, yawancinsu masu sunayen Normawa, kusan dukansu ta wajen mata ko ta wajen 'ya'yan da ba na aure ba suke jawo asalinsu. Don tsoron yaƙin basasa aka bar Sarki Edwad na Ɗaya na Ingila ya zama alƙali, shi kuwa ya ce ba ya shari'a sai an amince shi ne uban gidan Sukotilan, masu neman sarautar suka amince cikin 1291.

A gaban wannan kotu Robat Burus ya kawo hujjar cewa shi ya fi kusa da tsatso da tsara ɗaya, ya kuma ce Alekzanda na Biyu ya taɓa fid da shi mai jiran gado, hujjar da ta fi kama da tsohuwar al'adar da aka kashe mutane a kanta. Jon Komin na Badenoch, wanda danginsa suka taya murƙushe 'ya'yan Wiliyam a Moray, ya kafa tasa da'awar a kan cewa shi jinin Donal Ban ne, sarkin nan da aka makantar aka ce ɗan ƙwace ne. Kotu ta bi ƙa'idar ɗan fari ta ba Jon Baliyol cikin watan Nuwamba 1292. Bayan shekara huɗu Edwad ya shigo da runduna ya tuɓe Baliyol, ya ɗauke dutsen naɗin sarauta daga Scone ya kai Westminster, inda ya zauna har 1996.